Ƙibar Aro ta Dakta Na'ibi

A unguwar Sharafiyya ta birnin Jidda, idan ka kuskura ka ce kanka na ciwo a gaban Na'ibi, to ka janyo wa kanka darasin da sai kiran salla zai raba ku. Dogo ne siriri, ɗan Funtuwa, wanda in ya sa jallabiya sai ka rantse a jikin ƙusa aka rataye ta. Shekararsa ashirin da uku a Jidda, uku daga ciki ya yi su ne yana tuƙa motar da ke kwashe zannuwan gadon wani asibiti zuwa wajen wanki. To, daga nan ya samo ilimin likitancinsa kaf. Yanzu motar wani shagon labule yake ja, amma sunan Dakta da 'yan unguwa suka laƙaba masa don tsokana, shi da gaske ya karɓe shi, har ma in ka kira shi da sunan yanka sai ya yi kamar da wani kake.

Sai ga Dakta da kansa ciki ya sa shi gaba. Wata uku yana fama da murɗa da jiri, yana yi wa kansa magani da na'ana'a da zuma, har ranar da ya zube a bakin mota. Matarsa Zubaidatu ta ce ta gaji, ta tasa ƙeyarsa zuwa wani asibiti a unguwar Bani Malik inda Mastura, 'yar maƙwabtansu Hausawan Sudan, take aikin jinya. Likita ya ce jininsa ya yi ƙasa, kuma ba zai san inda yake tsiyaya ba sai an yi masa minzar, wato siririyar na'urar nan mai ido a baki da ake zurawa ta ƙasa a duba babban hanji. Aka ba shi rana, nan da kwana goma sha biyu. Ashe irin wannan gwajin kuma a ranar za a yi wa Alkasim mai gidan abinci, ɗan Damagaram, mutumin da kilonsa ɗari da ashirin da takwas, wanda in zai shiga shagonsa sai ya karkace.

Da la'asar aka hallara a bencin ƙofar shagon Alkasim, Na'ibi ya gyara zama.

"Kai dai, Alkasim, ka tafi da tabarma da guzuri," in ji shi. "Kafin na'urar nan ta ratsa wannan tumbin naka, sai an sake mata batir sau biyu. Ni kuwa hanya ce miƙaƙƙiya kamar titin Madina. Minti bakwai, halas, na fito ina shan shayi."

"To, Dakta," in ji Alkasim yana fifita da murfin tukunya. "Allah ya kai mu."

"Minti bakwai ka ce?" in ji Maman Lawali tela, ɗan Maraɗi, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Ya zaro wayarsa. "Wannan tana da agogon tsere. Ni zan riƙe muku."

Ana cikin haka sai ga Mastura ta sauko daga motar asibiti. Na'ibi ya ɗaga hannu kamar mai tare tasi. "Yauwa, 'yata, zo ki faɗa musu. Tsakanin siriri da mai ƙiba, wa ake saurin gamawa da shi?"

Mastura ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta danne dariya. A Jidda aka haife ta, Hausarta rabi da rabi ce da Larabci, ko kawu ma ammi take cewa.

"Wallahi ya ammi, ba a rantsewa, kowa da jikinsa. Amma sau da yawa siriri ne yake ba mu wahala. Babu kitsen da zai tallafe hanjin, sai ya yi ta naɗewa kamar igiya, likita ya tura, ya ja baya, ya sake turawa. Haka tsofaffi, da wanda aka taɓa yi wa aiki a ciki. Mai ƙiba ma da tasa matsalar, danna masa ciki aiki ne. Amma babban abin, ya ammi, shi ne wankin ciki. Wanda bai sha maganinsa daidai ba..."

Na'ibi bai ji ƙarshen ba, don tun daga kalmar "siriri" benci ya kaure da shewa.

"Titin Madina ya koma lungun Sharafiyya!" in ji Maman Lawali yana buga cinya.

"Abin da nake shirin faɗa ke nan kuka katse ni," in ji Na'ibi ba ko kunya. "Gwada ta nake yi in ga ko ana koyar da su da kyau. Amma ku rubuta ku ajiye, ranar nan ba siriri za a kai asibiti ba. Kwana goma sha biyu ya ishi mai ilimi ya yi kilo goma sha biyar."

Washegari da sassafe ya buɗe aiki. Ya ci masub kwano biyu, ayaba da gurasa da kirim da zuma, ya bi da gurasar tamis uku da waken ful mai iyo cikin man zaitun. Da rana ya ci mandi, wato shinkafa da naman rago, na mutum biyu, da yamma mutabbak, soyayyen fulawa mai nama da ƙwai a ciki. Zubaidatu, da ta shekara tana roƙonsa ya ci abinci, ta yi farin ciki kwana ɗaya, kwana na biyu ta fara kallonsa da gefen ido, kwana na uku ta ɓoye tukunya.

"Malam, lafiya? Ko aljani ne ya shige ka?"

"Magani nake yi, Maman Maimuna. Ba za ki gane ba, sai wanda ya zauna a asibiti."

"A mota dai ka zauna, a ƙofar baya."

Rana ta biyar ya gayyaci benci gaba ɗaya zuwa wurin mahaucin bakin layi, ya cire takalmi, ya hau sikelin da ake auna raguna. Ranar da likita ya auna shi kilo hamsin da biyu ne. Allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya a kan hamsin da ɗaya da rabi.

"Sikelin nan na ƙarya ne!" in ji Na'ibi.

Mahauci ya ɗauki wuƙa ya fara wasawa yana kallonsa.

"Ina nufin," in ji Na'ibi yana saukowa a hankali, "na dabbobi ne, bai saba da mutane ba."

Da abin ya ishe shi, sai ya lallaɓa bayan shago ya sami Alkasim yana yanka albasa. Ya ce wani bincike yake yi, yana so ya san yadda mutum ke tara jiki haka.

"Ai ba wuya, Dakta," in ji Alkasim. "Ba abinci ba ne. Ni ba na fushi, ba na sauri, ba na gardama. Gardama ita ke cinye naman mutum."

Na'ibi ya ga hikima a maganar, ya yi alkawarin daga gobe ba zai ƙara musu da kowa ba. Kafin azahar Alkasim ya sanar da duk benci. Da la'asar Na'ibi ya zo ya zauna, ya haɗe leɓe.

"Kun san kuwa," in ji Maman Lawali yana kallon sama, "ashe hanta a ƙafa take?"

"Ƙwarai," in ji Usuman mai wanki. "Ta hagu. Shi ya sa in ka yi tuntuɓe kake jin yunwa."

Jijiyar wuyan Na'ibi ta miƙe.

"Kuma an ce ƙodar namiji bakwai ce."

"Takwas in ya yi aure."

Gumi ya karyo wa Na'ibi. Ya kama gefen benci da hannu biyu, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

"Wannan ai a wurin Dakta na ji," in ji Maman Lawali.

"Ƙarya kake!" Na'ibi ya zabura har hularsa ta faɗi cikin shayin Usuman. Sai da ya yi awa guda cur yana zana ƙoda a ƙasa da tsinken tsire, yana ihu, jama'a na kwance don dariya. Da ya sake hawa sikeli, hamsin da ɗaya ne daidai.

Wani zai haƙura a nan, amma ban da Na'ibi. Yana jera kaya a shagon labule sai idonsa ya faɗa kan kwalin 'yan dunƙulen darma, irin waɗanda ake ɗinkewa a gindin labule don kada iska ta ɗaga shi. Nan take dabara ta faɗo masa. Ai likita takarda yake karantawa. In takarda ta ce mai jiki ne, da saurin masu jiki za a yi masa aiki. Ya ɗura darmar cikin safa shida, ya ƙulle bakinsu, ya ɗaure su a igiya ɗaya, ya ɓoye ƙarƙashin kujerar mota.

Saura wankin ciki. Takardar asibiti ta ce ana gobe kada a ci komai sai ruwa da romo tsararo, kuma daga la'asar a fara shan maganin da aka dama a ruwa lita huɗu. Na'ibi ya karanta, ya girgiza kai. Wannan ai asarar ɗan abin da ya tara ne. Da rana ya faka mota a bayan wani gini ya share farantin mandi har da ƙashi. Da yamma ya cika jarka da ruwan lemun tsami yana kurɓa a gaban Zubaidatu yana yatsina fuska, jim kaɗan ya ruga bayi ya yi nishi, ya saki ruwa, ya fito yana dafa bango. Har ta tausaya masa ta yi masa sannu. Maganin gaske kuwa yana mota. Lissafinsa shi ne ya shanye shi da safe, lita huɗu kilo huɗu ke nan a kan sikeli, in ya so ya yi aikinsa bayan an gama awo.

Da gari ya waye ya riga kowa fita, ya ɗaura ɗamarar darma ƙarƙashin jallabiya, ya kafa kai ya shanye jarkar nan tas. Ƙarfe takwas jama'a suka fito. An ce wanda aka yi wa minzar ba ya tuƙi a dawowa, don haka Maman Lawali ya sami hujjar zuwa, Usuman ya ce shi zai riƙe wa Maman Lawali waya, wasu mutum uku kuma ba su ma nemi hujja ba. Zubaidatu ta shiga gaba, sauran suka hau bayan mota kan naɗaɗɗun labule, Alkasim a tsakiya don kada motar ta karkata.

"Dakta, yau tafiyarka ta canza," in ji Usuman. "Kamar saniya mai ciki."

"Ƙiba ce. Ba ka saba ganinta a jikina ba."

Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso. A nan cikin Na'ibi ya yi wata ƙara kamar ana jan kujera a bene.

"Mene ne wannan?" in ji Zubaidatu.

"Injin ne."

Ƙara ta biyu ba ta bar wa injin laifi ba. Na'ibi ya ja birki a tsakiyar titi, ya ɓalle ƙofa, ya arce zuwa gidan man da ke tsallake, yana gudu yana tallafe da ƙugu, darma na dukan cinyoyinsa. Motoci suka ɗauki oda, wani direba ya leƙo yana ihu, "Yalla ya hajji, yalla!" Dole Maman Lawali ya karɓi tuƙi. Da Na'ibi ya dawo aka kwantar da shi kan labule, ya ce ragowar ta jiya ce, haka maganin yake yi wa masu ƙarfin jini.

Tsayawa ta biyu a wani masallaci ce, aka tarar bayin a kulle, sai da ya yi tsalle-tsalle a ƙofar mai gadi kamar mai rawa. Ta uku a shagon wani Bayamane ce, wanda ya ce bayinsa na ma'aikata ne kawai, Na'ibi ya rantse masa cewa in ya ƙara minti ɗaya shagon gaba ɗaya zai zama na kowa. Daga nan duk ramin da mota ta faɗa sai ka ji salati daga baya.

"Bon, Dakta," in ji Alkasim, wanda ya sha nasa maganin jiya ya kwana lafiya, "ko mu bar ka a nan mu aiko da likitan?"

Sun isa asibiti a makare. Mastura ce a teburin awo. Na'ibi ya gyara jallabiya, ya dubi jama'arsa, ya hau sikeli da ƙasaita. Sittin da shida.

"Allahu akbar!" in ji Usuman.

Mastura ta dubi sikeli, ta dubi fayil, ta dubi wuyan Na'ibi da yake nan kamar na zakara. "Ya ammi, kwana goma sha biyu da suka wuce hamsin da biyu ne."

"Rubuta abin da kika gani, 'yata. Arziki na Allah ne."

"Ammi, ba wasa ba ne. Wannan lambar tana cikin abin da likita ke dubawa kafin ya auna maganin barci. In aka ba ka fiye da ƙarfin jikinka..."

Ba ta rufe baki ba cikin Na'ibi ya sake kiran sunansa. Ya daka tsalle daga kan sikeli, igiyar ɗamara ta tsinke, safa shida suka faɗo suka fashe. Darma ta watsu a kan tayil, tana gangarawa ta ko'ina da ƙara kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Wata tsohuwa Balarabiya ta ƙwala ihu wai harsashi ne, mai gadi ya rugo ya taka guda uku ya zauna daɓas, Maman Lawali ya rungume Alkasim don kada ya faɗi, su biyun suka tafi tare. Shi kuwa mai kayan tuni ya shige bayi ya datse ƙofa.

Da ya fito, Mastura ta nuna masa sikeli da yatsa. Hamsin da rabi.

"Malam," in ji Zubaidatu, "da yarinyar nan ba ta lura ba fa? Marayu kake so ka bar mini saboda benci?"

Na'ibi ya sunkuyar da kai, karo na farko a tarihin Sharafiyya. Amma da Mastura ta tambaye shi ko ya ci wani abu jiya, sai ya ɗago ya ce ko ƙwayar shinkafa ba ta shiga bakinsa ba, Zubaidatu kuma ta shaide shi da zuciya ɗaya.

Alkasim aka fara shigarwa. Maman Lawali ya danna agogo. Minti ashirin da biyu aka turo shi yana murmushi cikin barci, aka ce hanjinsa fes. Sai aka shiga da Na'ibi, yana ɗaga wa jama'a yatsu bakwai daga kan gado.

Minti bakwai suka wuce. Ashirin da biyu suka wuce. Aka ga wata ma'aikaciya ta fito da sauri ta koma da ƙarin ruwa. Aka kira wani ƙato ya shiga don ya danna ciki. Alkasim ya farka, ya sha shayi, ya tambayi ko Dakta ya tafi gida. Dariyar jama'a ta fara raguwa, Zubaidatu ta koma gefe tana jan carbi. Sai da agogo ya nuna awa ɗaya da minti tara sannan ƙofa ta buɗe, aka turo shi, ido rabi a buɗe, maganin barci bai sake shi ba.

"Maman Lawali," ya ce da murya kamar ta mai maye, "nawa? Bakwai ko shida?"

"Da ɗan ƙari, Dakta."

"Na faɗa muku. Mandin nan ne ya taimaka. Kada ku gaya wa Maman Maimuna, a bayan gini na ci, har da ƙashi. Ita tana can tana yi mini sannu, ni kuwa lemun tsami nake sha." Ya yi wata 'yar dariya, iskar da aka hura masa a ciki ta fita da dogon sauti kamar kakaki, ya ɗaga hannu ya ce, "Na gode, na gode."

Zubaidatu ta sa carbinta a jaka a hankali. Usuman ya juya ya kifa kai a bango, kafaɗunsa na rawa.

Sai ga likitan ya fito, Dakta Saleh, dattijo mai furfura, rigarsa jiƙe da gumi. Ya tsaya kan Na'ibi ya yi magana da Larabcin da kowa a wurin ya ji.

"Shekara ashirin ina wannan aiki. Hanjinka siriri ne mai naɗewa, wannan ba laifinka ba ne, da haƙuri ake bin irinsa. Amma yau ban ga hanji ba, shinkafa na gani. Na hango wani ɗan tsiro da nake zaton shi ke zubar maka da jini, irin wanda ake cirewa a wuce wurin in an kama shi da wuri, amma ban iya taɓa shi a cikin wannan ƙazanta ba. Za ka dawo ranar Asabar, ka sake shan lita huɗu." Ya ɗaga dunƙulen darma guda da aka tsinto masa. "Yanzu faɗa mini. Wa ya ba ka shawarar ka ci abinci, ka sha magani da safe, ka ɗaura wannan a ƙugu?"

Barci ya fara washewa daga idon Na'ibi. Ya dubi likita, ya dubi matarsa, ya dubi 'yan benci da suka yi masa zobe kowa ya toshe baki.

"Wani ne a unguwarmu," ya ce a hankali. "Dakta ake ce masa."

"Dakta? A wane asibiti?"

"Ya... ya bar aiki."

"To ka rabu da shi. Jahili ne, kuma zai kashe ka."

"Wallahi likita," in ji Na'ibi, "ni ma na daɗe ina zarginsa."

Nan fa abin da jama'a ke dannewa ya ɓalle. Maman Lawali ya durƙushe, Alkasim na dariya gadonsa na ƙara, mai gadi da bai san zancen ba shi ma ya kama. Likita ya dube su da mamaki, ransa ya ƙara ɓaci.

"Ba abin dariya ba ne! Ranar Asabar ku zo mini da mutumin nan, ina so in gan shi ido da ido."

Zubaidatu ta gyara mayafinta, ta kama ƙarfen gadon mijinta da hannu biyu.

"Za a kawo maka shi, likita," ta ce. "Ni da kaina zan kawo shi. Kuma da yunwa zai zo."